Ɓarawon da Ya Yi Shara

Da safiyar Litinin Malam Egbert ya yaye ƙyallen da ke rufe da zanensa don ya nuna wa sarkin masu zane, sai suka tarar da allo wayam, ƙusoshi kawai suka rage a kusurwoyi. Kafin in gama shimfiɗa fatun zomaye a rumfata ta kasuwar Haarlem labari ya iso, kuma har an riga an san ɓarawon. Mutanen garinmu ke nan, suna yanke hukunci tun miya ba ta tafasa ba.

Na taɓa ganin zanen nan da idona. A kan shuɗiyar takarda yake, girmanta ya kai ƙyauren ɗaki, an yi shi da gawayi da farin alli. Hasumiyar Babila ce, wadda Lamarudu ya tara mutane su gina har ta taɓo sama, Allah ya rikita musu harshe suka watse. A da Malam Egbert mu yake zanawa yadda muke, mai kifi da giɓinta, mai giya da tumbinsa. Amma yayi ya canza. Yanzu manya ba sa son komai sai salon Rum: mutane miƙaƙƙu santala-santala kamar gumakan dutse, kowa da mayafi mai ninki, ginshiƙai a aune da rula, ko mai ɗaukar tubali sai ka ce ɗan sarki ne. Tsohon nan ya danne zuciyarsa ya koyi salon da furfurarsa, don iyayen gidan marayu, wato manyan da ke kula da shi, sun ce wanda zanensa ya fi kyau shi za a ba aikin bangon sabon zaurensu. Wai don marayu su riƙa kallo su koyi illar girman kai. Zauren kuwa sun ɗaga shi ya fi na kowa tsawo a unguwar, amma wa zai faɗa musu?

Wanda aka kama shi ne Lambert, mai yin firam ɗin zane yana manna masa ganyen zinariya, wato siririn fallenta. Mutumin kudu ne daga Liège, ɗan Katolika, yarenmu a bakinsa gutsi-gutsi. Tsohuwa Neel, maƙwabciyar Malam Egbert, ciwon ƙafa ya hana ta zuwa wa'azin yamma ranar Lahadi, tana zaune bakin taga ta ga Lambert ya shiga gidan, ya fito da wani dogon abu a naɗe. Shi ke nan. Kafin rana ta yi tsaka an jefe masa tagogi, an zuba masa kwalta da ruɓaɓɓen kifi a dakalin ƙofa.

Da yamma matarsa Odile ta zo gidanmu, ciki ya yi mata nauyi, ta durƙusa a gaban mijina.

"Baba Barend, ka taimake mu. Sun ce in bai amsa ba za su matse masa yatsu. In ya amsa kuma ranar kasuwa a yi masa bulala, a yi masa lalas, a kore mu daga gari. Da yatsun nan muke ci."

Barend mai gadin jigayin bakin teku ne, aikinsa bin sawun masu satar zomaye, kuma Wakilin Doka kan aro shi in abu ya cije. Sai dai magana a wurinsa kamar da kuɗi yake sayenta. Shi ya sa nake binsa, shi ya duba ƙasa, ni in buɗe bakin mutane.

Ya daɗe yana kallon Odile, sannan ya ce, "Hille, ɗauko mini takalmina."

Wannan a wurinsa doguwar huɗuba ce.

* * *

Washegari muka sami Malam Egbert zaune gaban allon, hannuwansa a cinya. Matarsa Lysbet ta kawo mana madara mai ɗumi. Tun muna 'yan mata na san ta, mace mai tsimi da tsabta, wadda ko ƙashin kifi ba ta zubarwa sai ta dafa shi sau biyu. Baƙaƙen kaya ne a jikinta, don ba ta cire su ba tun da ɗansu Wouter ya faɗo daga dandamalin katako yana taya ubansa zanen rufin gidan wani attajiri. Hularsa na nan rataye a bayan ƙofa.

Na ce, "Sannu, Malam. Yaushe rabonka da zanen?"

"Asabar. Na yi ta aiki har haske ya ƙare, na rufe shi."

"Da gawayi?"

"Da me kuma? Fuskar Lamarudu nake gyarawa. Hille, shekara guda na ba takardar nan. Da an ba ni bangon, ko bayan na mutu sai an ce ga aikin Egbert."

Ya miƙe zai nuna mini inda fuskar take, sai na ga ya yi tangaɗi. Kafin ma ya kama tebur hannun Lysbet na kan gwiwar hannunsa.

Ya ce, "Ba komai, zama ne ya yi yawa."

Barend bai ji ko ɗaya ba, yana can yana rarrafe a ƙasa. Ku da ba ku manta ba kun san al'adarmu: Asabar da safe ake share gida a barbaɗa farin yashi a ƙasa, ba a sake taɓa tsintsiya sai an wuce Lahadi. Tsakiyar ɗakin duk an tattake, sawun dogarai ne da na 'yan kallo. Amma ya leƙa gindin allon, ya leƙa ƙarƙashin kabad, ya shafa yashin ya dubi tafinsa.

Da muka fito ya ce, "An yi shara."

"To sai me?"

"Mutum ya wuni yana goga gawayi. Ina ƙurar?"

Na tsaya. Gaskiya ne, gindin allon fari fat yake. Na ce, "Ashe Lambert ɗin da wayonsa, ya share sawunsa."

"Har ƙarƙashin kabad?"

"Kai dai faɗi abin da ke ranka, mutumin nan!"

Ya sa hularsa ya yi gaba. Wata rana sai na buga masa kasko, na rantse.

* * *

Ni tun farko zuciyata na kan Malam Florens, abokin takarar Egbert. Ya yi shekaru a Rum ya dawo da gashi har kafaɗa da wata irin tafiya, kamar ƙasar Haarlem na ƙazanta masa takalmi. Wa zai ci ribar ɓatan zanen in ba shi ba?

Muka same shi gaban tasa hasumiyar. Ban tsaya kwana-kwana ba.

"Malam, ina kake ranar Lahadi da yamma?"

"Haba Inna Hille! Ba ke kika zungure ni da gwiwar hannu ba?"

Kunya ta kama ni. Lallai a gefena yake a bencin coci, ya yi barci baki buɗe tun daga farkon wa'azi har ƙarshe, minsharinsa ya sa na zungure shi. Na ce, "To ai ana aike."

Bai yi fushi ba. Ya ajiye gawayinsa ya ce, "In gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba? Na ga zanen tsohon nan. Ni na je Rum, shi ko Utrecht bai wuce ba, amma nasa ya fi nawa. Mutanena suna tsaye daidai, nasa kuwa suna tsaye daidai kuma ka ga tsoro a ƙafafunsu. Cin da zan yi don an sace nasa ba ci ba ne."

Ya shiga nuna mana yadda ake aikin, don masu zane in ka taɓo sana'arsu ba sa iya yin shiru. Wai a salon nan ba a fara zane da ka. Sai ka kafa kamfas, ɗan ƙarfen nan mai ƙafa biyu, ka auna, ka ja layukan ginin da rula da dakusasshiyar allura su kwanta a jikin takarda, sannan gawayi ya bi bayansu. Yana magana yana murza wani abu a yatsu, ya dangwala a takardar, wani layi ya ɓace.

Barend ya ce, "Mene ne wannan?"

"Cikin farin burodi. Da shi muke goge kuskure, yana tsotse gawayi tas."

Ya yar da shi ƙasa. Barend ya sunkuya ya ɗauka, ɗan dunƙule ne baƙi ƙirin. Ya jujjuya shi ya jefa a aljihu. Florens ya dube ni, na ɗaga kafaɗa. Na saba, mijina ya taɓa zuwa mini gida da kashin dila a hularsa.

* * *

A kurkuku muka sami Lambert a takure, ya soke hannuwansa a hammata. An nuna masa ƙarfen matse yatsu da safe, aka ce ya kwana yana tunani.

Na ce, "Lambert, me ka fito da shi daga gidan?"

"Sanduna na awo. Malam ce, zo auna firam. Ni ba zuwa cocinku, Lahadi ni da lokaci."

"To zanen yana nan da ka shiga?"

Ya ƙara cusa hannuwansa a hammata.

"Wa ka tarar a ɗakin?"

"Ba kowa."

"Uwargidan fa? An ce ciwon kai ya hana ta zuwa wa'azi."

"Tana sama. Barci. Ni ban gani ba."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Kai wawan ina ne? Matarka na can ciki haihuwa yau ko gobe, yatsunka za su farfasa, kana mini ba kowa ba kowa! In ka ga wani ka faɗa!"

Idonsa ya kawo ruwa, amma ya juya fuska ga bango. Tausayinsa ya kama ni har na ji haushin kaina.

Barend yana tsugune gaban kwanon da ke gefensa. Romon wake ne, da ɓawon farin burodi a jiƙe a ciki. Ɓawo zalla, an ƙwaƙule cikin.

Ya tambayi mai gadi, "Wa ya kawo?"

"Uwargida Lysbet ta aiko. Ka ga mace mai imani, mutum ya yi wa mijinta sata tana ciyar da shi."

A bakin ƙofa Barend ya tsaya yana kallon dusar ƙanƙara. Ya nuna mini sawun takalmin katako, ƙarami, na hagu ya ci ta gefe. Sawun ya zo har gindin matakalar ofishin Wakilin Doka, ya tsaya ya tattake wuri guda, ya juya. Can gefe ga wani irinsa da ya fi tsufa, shi ma ya zo ya koma.

Ya ce, "Tana zuwa. Ba ta iya hawa."

Na san mai wannan tafiyar, Lysbet ce, tare muka yi ta zuwa ɗibar ruwa muna yara. Na ce, "A'a. Barend, a'a. Mace ta sace abincin gidanta? Ta kai wa wa?"

"Ban ce sata ba."

* * *

Bai bi ta ƙofar gaba ba. Muka zaga ta lungun bayan gidan Malam Egbert, inda Lysbet ke kiwon kajinta. Barend ya jingina da shinge yana kallon tsuntsaye. Gwarare sun taru a wuri ɗaya gindin shingen, suna tona, suna ɗauka suna yarwa.

Ya tsallaka, ya share sabuwar ƙanƙarar da gefen hannunsa. A ƙarƙashi ga su nan birjik, baƙaƙen dunƙule-dunƙule daskararru, sun fi cikin kwano. Ya fito da na aljihunsa ya ajiye a gefensu. Ba bambanci.

Ya ce, "Wannan ba gogen kuskure ba ne. Burodi biyu ne, ko fi."

Duk abin ya zo mini lokaci guda, sharar, ɓawon, hannun nan da ya riga tangaɗi isa gwiwar hannun mijinta. Da wani ɓarawon ne, da ya zuba burodin a ruwa ya huta. Amma Lysbet ta zubar da abinci? Ko da gawayi a jikinsa sai ta ba kaji. Kajin ne suka ƙi ci.

Na ce, "To takardar fa? Ta ƙona?"

Barend ya dube ni, har da ɗan murmushi. "Ke za ki ƙona?"

Ba zan ƙona ba. Takarda mai faɗin ƙyaure, wadda aka yo odarta daga masu yin takarda na Zaan? Babu macen Haarlem da za ta iya.

Na ce, "Bari in shiga in same ta mu biyu, mace da mace."

"A gaban mutane aka ɓata shi. A gabansu za a wanke shi."

Ya fi ni gaskiya, amma ban yi barcin kirki ba ranar.

* * *

Da hantsi aka taru a ɗakin zanen. Wakilin Doka ya zo da Lambert a ɗaure, ga sarkin masu zane, ga Malam Florens, ga tsohuwa Neel da sandarta tana ta faɗin, "Ni dai abin da na gani na faɗa." Odile na bakin ƙofa, bayan ta kuwa rabin unguwa sun cika taga. Lysbet na tsaye bayan kujerar mijinta.

Wakilin Doka ya ce, "Barend, ka ce in dakata da yatsun mutumin nan. Na dakata. Ina ɓarawon?"

Barend ya kwance ƙyallensa ya juye baƙaƙen dunƙulen a kan tebur. Ya dube ni, wato in yi magana. Karo na farko a rayuwata bakina ya ƙi buɗuwa. Dole ya yi da kansa.

"Inna Neel ta ga daidai. Lambert ya shiga, ya fita da sandunansa. Zanen bai fita ba." Ya juya ga Florens. "Malam, ka ce allura na barin layi. In an goge gawayin, layin fa?"

"Yana nan. Ido ba zai gani sosai ba, yatsa zai ji."

"Ga takardun can."

A saman kabad akwai naɗaɗɗun shuɗɗan takardu da ba a taɓa ba. Florens ya sauko da su, ya riƙa warewa yana shafawa ido rufe. Da ya zo kan wata wadda aka naɗe cikinta ciki, sai hannunsa ya tsaya. Ya shimfiɗa ta a ƙasa. Ta ɗan yi toka-toka, ba komai a kanta. Yatsansa ya bi wani layi ya hau, ya karkata, ya sake hawa.

Ya ce a hankali, "Ga matakalar. Ga hujin kamfas. Malam Egbert, hasumiyarka ce."

Tsohon ya zame daga kujera ya durƙusa, ya ɗora tafukansa biyu a kan takardar. "Wa ya yi mini haka? Wane marar tsoron Allah..."

"Ni ce."

Lysbet ba ta ɗaga murya ba. Ta zagayo gabansa ta tsaya.

"Ni ce, Egbert. Kana fita zuwa coci na sauko. Da fuskar Lamarudu na fara."

"Ke? Lysbet, ke da kike riƙe mini fitila?"

"Ni da nake riƙe ka in jiri ya ɗebe ka! Gaya musu mana. Gaya musu ka faɗi a matakalar gidan nan kafin Kirsimeti, na ce wa mutane santsi ne. Gaya musu ka faɗi a bakin rijiya. Bangon gidan marayun nan na je na gani da idona, ya fi rufin da Wouter ya faɗo tsawo. Shekara biyu za ka yi a kan katako, can sama. Na roƙe ka, ka ce mata ba su san suna ba. To ban sani ba. Na san dai yadda ake wanke wanda ya faɗo daga sama, na yi sau ɗaya, ba zan ƙara ba."

Neel ta daina surutu.

Lysbet ta juya wajen Lambert. "Na ɗauka za a ce ɓarayin hanya ne, a yi cigiya a gaji. Ban san kai za a kama ba. Na je zan faɗa, ƙafata ta ƙi hawa. Ina tsoron idon mijina. Ka yafe mini, ko da yake ba ka san ni ce ba."

Lambert ya ce, "Na gan ki."

"Me ka ce?"

"Na shiga, ƙofa buɗe. Kina goge, kina kuka. Ba ki ji ni ba. Na fita."

Wakilin Doka ya daka masa tsawa. "Kai! Ka gani ka yi shiru, har ana shirin farfasa maka yatsu?"

Lambert ya nemi kalmomi ya rasa, ya dubi matarsa. Odile ce ta amsa daga bakin ƙofa, ita yarenmu ya fi zama a bakinta.

"Ranka ya daɗe, da ɗanmu na fari ya rasu, lokacin sanyi ne irin wannan. Duk layinmu ba wanda ya taka ƙofar 'yan Katolika. Ita kaɗai ta zo. Ita ta wanke shi, ta naɗe shi a zanen goyon Wouter." Ta dubi mijinta, hawaye na zuba. "Amma da ka gaya mini, Lambert. Ni ma ai da na sani."

Ina cikin waɗanda ba su taka ƙofar ba, haka duk masu leƙen tagar nan. Na ga kawuna suna janyewa ɗaya bayan ɗaya.

Wakilin Doka ya share wuya, ya sa aka kwance igiyar. Ya ce tunda takarda na gidan mai ita, ba sata, mace kuwa ta goge zanen mijinta wannan ba shari'arsa ba ce, Allah ya tsare shi da shiga. Sarkin masu zane ya ce zai roƙi iyayen gidan marayu su ƙara lokaci. Florens ma ya ce, "Layukan duk suna nan, Malam. In ka zauna, kafin ƙanƙara ta narke ka mayar da ita. Zan jira."

Egbert yana durƙushe har yanzu. Yatsansa na bin matakalar da ba a gani, ya hau, ya hau, har ya kai inda layin ya ƙare. Sannan ya ɗago ya dubi matarsa.

"Me ya hana ki ƙona ta?"

Ta share hanci da bakin zanenta. "Takarda mai kyau haka?"

Wani sauti ya fito daga bakinsa, ban san ko dariya ba ce ko kuka. Ya miƙa mata hannu. "Tashe ni, jiri nake ji."

A gaban kowa ya faɗa. Ta tashe shi.

* * *

Egbert bai mayar da hasumiyarsa ba, Florens aka ba bangon. Na je na gani da aka gama, mutanensa na tsaye daidai. Egbert bai yi wa Lysbet magana ba har aka yi Lahadi biyu, ni ma da ni ce shi ba zan yi ba, shekara guda ba wasa ba ce. Takardar kuma ban san abin da suka yi da ita ba, na dai tabbata ba a zubar ba.

Abin da na gani da idona shi ne washegarin ranar da aka saki Lambert. Na biyo ta layinsu da sassafe zan tafi kasuwa, sai ga Lysbet durƙushe a dakalin ƙofarsu, matar babban malamin zane guda, da buroshi da toka da ruwan zafi, tana kankare kwaltar nan. Kwalta ba ta fita rana ɗaya. Kullum sai ta dawo, mutane na wucewa suna sunkuyar da kai. Odile ta fito ta ce ta bari, ta ƙi. Lambert kuwa yana bakin tagarsa da aka toshe da katako, yana ɗaga ganyen zinariya da yatsunsa goma lafiyayyu.

Ranar da Odile ta haihu, aka ɗaura farin leshi a mariƙin ƙofa yadda muke yi in an sami ƙaruwa, na zo da romon zomo. Na tarar dakalin ya kusa komawa fari. Lysbet na goge kusurwar ƙarshe. A gefenta ga Malam Egbert tsaye, bai ce mata komai ba, bai kuma dube ni ba, yana riƙe mata bokiti.

Na tsallake ruwan na ƙwanƙwasa ƙofar.